Injin lanƙwasa bututu: wanne ya dace da mai walda a gida?

"Assalamu alaikum, Mu'allim. A Jidda nake zaune, kuma shekara biyu ke nan ina taɓa walda a tsakar gidanmu in na taso daga aiki. Ina da ƙaramin injin walda da giranda. Duk abin da nake yi miƙaƙƙe ne, in na zo kwana sai in yanka in haɗa. Yanzu ina so in yi kujerun tsakar gida guda shida, da darabzin, wato shingen dafawa na matakala, da rumfar mota. A Haraj, kasuwar gwanjo, na ga wani jan inji mai jak, an rubuta masa tan 12, da bakuna shida daga rabin inci zuwa inci biyu, kuma kuɗinsa ba yawa. A intanet kuma na ga wani mai dogon hannu wanda ya ninka wancan tsada, wai ma kowane baki daban ake sayensa. Bututun da na saba saye mai inci ɗaya da rabi ne, mara nauyi. Riyal 3,000 na ware. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya yi wa sana'a albarka. Ka tambaye ni tsakanin injuna biyu, amma da na karanta saƙonka sai na ga ayyuka uku ka lissafa, kuma ba lanƙwasa iri ɗaya suke so ba. Kujera tana son ƙaramar kwana mai tsabta. Rumfar mota tana son doguwar baka, wadda ido ba zai ce ga inda ta fara ba. Darabzin kuma ya danganta da ƙarfen da za ka yi shi da shi. Saboda haka kafin mu kai ga inji, sai mun fara da bututun da ke hannunka, don shi ne zai zaɓa maka, ba mai sayarwa ba.

Zan faɗa maka tun yanzu don kada ka yi saurin komawa Haraj: jan injin nan ba na bututunka ba ne. Ba jabu ba ne, yana da aikinsa. Amma aikin nasa daban, kuma zan nuna maka dalili da awo.

Abin da ke faruwa a cikin kwana

Ka ɗauki lawashin albasa ɗanye ka lanƙwasa shi. Ba ya yin baka, sai dai ya kai wani wuri ya karye ya shafe. Haka bututu mara kauri yake. Idan ana lanƙwasa shi, bangon da ke bayan kwana miƙewa yake yi yana sirancewa, wanda ke ciki kuma matsewa yake yi yana neman inda zai tara kansa. Tunda cikin bututun fanko ne, na baya sai ya faɗo ciki, na ciki ya yi tattara kamar goshin tsoho, bututun da yake da'ira ya koma kamar ƙwai. In an ƙara matsa masa sai ya lotse a wuri guda, shi ke nan ya zama na bola.

Abu biyu ne ke hana wannan. Na farko kaurin bango. Na biyu buɗin kwana, wato nisan da ke tsakanin cibiyar kwanar da tsakiyar jikin bututun. A takardun masu ƙera injuna za ka ga an rubuta shi da haruffa uku, CLR. Lissafinsa ba wuya. Ka raba faɗin bututu da ninki biyu na buɗin kwana, abin da ya fito shi ne yawan miƙewar da bangon baya zai yi. In buɗin kwana ya ninka faɗin bututu sau uku, miƙewar ta kusa kashi 17 cikin 100, kuma baƙin ƙarfe na yau da kullum yana ɗaukar wannan lafiya. In ka matse ta zuwa ninki biyu, ta zama kashi 25 cikin 100, nan ne ake fara ganin tsagewa da shafewa. Shi ya sa muke riƙe ninki uku a matsayin iyaka ga injin da ba ya sa komai a cikin bututu.

Kaurin bango ma haka nake auna shi: faɗin bututu a raba da kaurinsa. Bututu mai mili 38, wato milimita 38, da bango mili 2 yana ba da 19. Mai bango mili 1.2 yana ba da kusan 32. A aikina, duk abin da bai wuce 20 ba ina sa shi a inji hankalina kwance. Daga 20 zuwa 25 sai na buɗe kwana na kuma gwada guntu. Abin da ya haura 30, ba na ɓata lokacina da shi a injin hannu.

Ka ce bututunka mara nauyi ne. Wannan kalmar ita ce ta fi damuna a duk saƙonka. Kafin ka kashe riyal ɗaya a inji, ka sayi ɗan ma'aunin kaurin nan mai baki kamar na kada, ka goge bakin bututun da giranda ta yanka, ka auna. Kada ka dogara da abin da aka faɗa maka a shago. Sau da yawa na sayi abin da aka ce mini mili 1.5 ne, na dawo warsha na auna na tarar da 1.2. A miƙe ba za ka gane bambancin ba, a kwana ne asiri ke tonuwa.

Masura daban, tiyub daban

A kasuwar ƙarfe ta nan za ka ji ana cewa masura, ana cewa tiyub, mu kuma duka bututu muke ce musu. Amma awonsu ba ɗaya ba ne, kuma wannan ne ramin da kusan kowane sabon shiga ke faɗawa. Masura, wato bututun ruwa, sunan inci kawai yake ɗauke da shi, ba ainihin faɗinsa ba. Wanda ake kira rabin inci, bayansa mili 21.3 ne. Na inci ɗaya mili 33.4, na inci ɗaya da kwata mili 42.2, na inci ɗaya da rabi mili 48.3, na inci biyu mili 60.3. Shi kuwa tiyub, wato bututun kayan ɗaki da na ado, da ainihin faɗin bayansa ake kiransa: inci ɗaya mili 25.4 ne cif, inci ɗaya da rabi mili 38.1.

To yanzu ka koma kan bakuna shidan da ka gani. Duka an zuba su ne a kan awon bututun ruwa. Ka ɗauki bututunka mai mili 38 ka sa a bakin da aka rubuta wa inci ɗaya da rabi, sai ka ga yana yawo a ciki, da sarari na mili 10. Ka sauko na inci ɗaya da kwata, har yanzu akwai mili 4. Ka sauko na inci ɗaya, ya ƙi shiga. Wato a cikin shidan nan babu naka ko ɗaya. Bakin da bai rungumi bututu ba kuwa ba ya hana shi buɗewa ta gefe, sai dai ya taimaka masa ya shafe.

Ko da bakin ya dace, yadda injin ke aiki bai dace da siririn bango ba. Jak ne ke tura baki ɗaya a tsakiyar bututu, gefe biyu kuma wasu gammaye sun tare shi daga nesa. Duk ƙarfin yana sauka a wuri guda, bayan kwanar kuma a sake yake, ba abin da ya tallafe shi. Bututun ruwa mai inci ɗaya da rabi na ajin Schedule 40 bangonsa ya kusa mili 3.7, shi ke tallafar kansa, shi ya sa yake fitowa da kyau. Naka ba shi da wannan ƙarfin.

Ni ma na taɓa sayen irinsa a shekarun farko da na zo Jidda. An ba ni aikin gadajen ɗalibai masu hawa biyu, mai sayar da injin ya rantse mini zai yi. Sanda huɗu na ɓata a yini ɗaya, kowace mita shida, kafin na yarda cewa ba hannuna ba ne. Har yau injin yana warsha, kuma yana da amfani: da shi muke lanƙwasa kaurin bututun ruwa na shingen dabbobi da na tare motoci a bakin shago. In irin wannan ne aikinka, saye shi, zai yi maka shekaru. Tan 12 ɗin da aka rubuta kuwa kada ya ruɗe ka. Matsalarka ba ƙarancin ƙarfi ba ce.

Injin da ke naɗe bututu a jikin ƙalib

Na biyun da ka gani, mai dogon hannu, shi ne na aikin kujeru. Bakin nasa shi ake kira ƙalib a nan, faifai ne mai kauri da aka sassaƙa wa kwari a gefe daidai rabin jikin bututu. Ana ɗaure bututun a jikinsa, sai ƙalib ɗin ya juya yana jan bututun yana naɗe shi a kansa. Daga ɗaya gefen akwai wani guntun ƙarfe mai kwari shi ma, yana danne bayan bututun daidai wurin da lanƙwasar ke faruwa. Ka ga ke nan a kowane lokaci bututun a rungume yake ciki da waje, kuma kwanar tana tafiya kaɗan-kaɗan maimakon ta taru a wuri guda. Wannan shi ne duk sirrin.

Sanannu a wannan fanni su ne JD Squared da Pro-Tools na Amurka, da Ercolina na Italiya ga masu aikin yau da gobe. Model 3 na JD Squared yana kaiwa bututu mai inci biyu, wanda ya fi ƙarfin duk abin da ka lissafa. Akwai kuma na Sin da aka yi a kan wannan fasali, masu sauƙin kuɗi. Na yi aiki da iri biyun. Firam ɗin na Sin bai taɓa ba ni matsala a siraran bututu ba, bambancin yana fitowa ne a ƙalib: wani kwarinsa ba sumul ba, wani ƙarfensa taushi gare shi, bayan wata shida sai ka ga ya fara cin bututu yana bar masa zane.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ƙalib shi ne injin. Sauran duk hannu ne da maƙala. Kowane ƙalib faɗin bututu ɗaya yake ɗauka, da buɗin kwana ɗaya, da siffa ɗaya, ko mai da'ira ko mai kusurwa huɗu. Wanda ya sayi ƙalib uku zai tarar kuɗinsu ya wuce na injin. Riyal 3,000 ɗinka dala 800 ne daidai, tunda riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75. In daga Amurka za ka yi oda, ka tuna ƙarfe ne mai nauyi, kuɗin ɗauko shi ba kaɗan ba ne, ga harajin kashi 15 cikin 100 da ake biya tun watan Yuli na 2020. Da wuya kuɗin ya wuce inji da ƙalib ɗaya. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wane ƙalib ɗaya?

Da ni ne, ba zan yi kujeru da mili 38 ba. Ya yi musu girma, kuma kafin ya lanƙwasu da kyau sai ka sayi mai bango mili 2, kujera ta yi nauyin da yara ba za su iya ɗagawa ba. Bututu mai mili 25 da bango mili 1.5 shi ne na kujera. In ka yi lissafin ɗazu zai ba ka kusan 17, yana cikin aminci. Ka haɗa shi da ƙalib mai buɗin kwana mili 75 zuwa 90. Da wannan ƙalib ɗaya za ka yi kujeru, teburi, maratayin kaya, keken tura kaya, gadon yara, abin ɗora tulun ruwa. Shi ne wanda ya fi kowanne aiki a warshata. Na mili 38 ya biyo baya in Allah Ya hore, da buɗin kwana mili 115 ko sama.

Ka nemi wanda ke kaiwa digiri 180, kada ka tsaya a na 90. Bayan kujera da ƙafar tebur sau da yawa juyowa suke yi gaba ɗaya, kuma na 180 yana yin aikin na 90, na 90 ba ya yin nasa. Sannan ka lura da inci da mili. A kasuwar nan iri biyun suna gauraye. Mili 38 yana zama lafiya a ƙalib na 38.1. Mili 25 a ƙalib na 25.4 yana yi, sai dai ya ɗan fi shafewa. Mili 40 kuwa ba ya shiga na 38.1 ko kaɗan, kuma in ka tilasta shi za ka ɓata ƙalib ɗin. Ka fara tabbatar da awon da shagon da kake saye ke ajiyewa kullum, sannan ka sayi ƙalib ɗinsa.

Akwai wata hanya da mutane ke mantawa. A Sana'iyya, unguwar masana'antu, akwai masu makhraɗa, masu injin sassaƙa ƙarfe, waɗanda za su yanka maka ƙalib in ka kai musu guntun bututun da zanen ramukan injinka. Biyu daga cikin nawa haka aka yi su. Sharaɗin kawai ka tsaya a kan cewa kwarin ya kai rabin bututun cif, kuma a goge shi ya yi santsi.

Wani abu da hoton intanet ba ya nunawa: injin hannu sai an kafe shi. Za ka ja hannu mai tsawon mita ɗaya ko fiye da dukkan nauyinka, in ƙafar injin ba a ɗaure take da kusoshi a cikin kankare ba, shi zai biyo ka. Daɓen tayil na tsakar gida ba zai riƙe ba, fashewa zai yi. In gidan haya ne, ka nemi izinin mai gida kafin ka huda masa ƙasa. Kana kuma buƙatar fili, don sandar bututun tana share da'ira yayin da take juyawa. In kafewa ba za ta yiwu ba, mafita ita ce a ɗaura wa injin dogon jak a jikin firam ɗinsa. Ƙarfin sai ya tsaya a cikin injin, ba ya bi ta ƙasa, har kana iya sa masa taya ka tura shi lungu in ka gama.

Inji mai motar lantarki ba na ba ka shawararsa yanzu ba, kuɗinka ma ba zai kai ba. Amma ko nan gaba, ka karanta farantin motar kafin ka biya. Wutar Saudiyya hez 60 ce, wato sau 60 take kaɗawa a daƙiƙa, yawancin injunan Turkiyya da Italiya da Sin kuma a kan 50 aka yi su. Motar da ke juyi 1,450 a minti a can za ta yi kusan 1,740 a nan. Da yawansu kuma layi uku na bolt 380 ko 400 suke so, alhali tsofaffin gidaje a Jidda har yanzu wasunsu a kan tsarin 127 da 220 suke.

Rumfar mota da darabzin

Injin ƙalib ba ya yin doguwar baka. Na ga masu gwadawa, suna lanƙwasa digiri uku su matsa gaba su ƙara uku. Daga nesa kamar baka, in ka matso sai ka ga gaɓa-gaɓa kamar rake. Baka aikin inji mai gangare uku ne, abin da ake kira darfala: biyu a ƙasa, ɗaya a sama yana dannawa, bututun yana kai da komowa a tsakaninsu har ya kai yadda ake so. Manyan da ke Sana'iyya yawanci na Turkiyya ne, irin su Sahinler da Akyapak na garin Bursa.

Rumfa ɗaya za ka yi, baka uku ko huɗu take buƙata. Kada ka sayi inji saboda wannan. Ka ɗora sandunanka a mota ka kai wa masu darfala, a kan kowace sanda suke caji. Awo biyu kawai za ka ba su: nisan da ke tsakanin ƙarshe da ƙarshe, da tudun baka a tsakiya. In suka tambaye ka buɗin da'irar, ga yadda ake fitar da shi. Ka ninka nisan da kansa, ka raba da ninki takwas na tudun, ka ƙara rabin tudun. Misali nisa mita 5, tudu rabin mita: 25 a raba da 4 ya ba da 6.25, a ƙara 0.25, ya zama mita 6.5. Jikin bakar zai ci kimanin mita 5.13. Ka kai sandar mita shida yadda take, kada ka yanke, don injin darfala kullum yana barin ɗan miƙaƙƙen wuri a kowane ƙarshe, sai an gama ake datse shi.

Darabzin kuwa, in baƙin ƙarfe ne mai da'ira, ƙalib na mili 38 zai yi maka. In sitil mara tsatsa kake nufi, irin mai ƙyallin nan na mili 50.8 da siririn bango, ka manta da lanƙwasa shi a gida. Sai injin da ke cusa sanda mai gaɓoɓi a cikin bututu ta tallafe shi daga ciki, kuma wannan na masana'anta ne. Abin da kowa ke yi a nan shi ne sayen gwiwa da aka riga aka lanƙwasa, a yi mata waldar argon a goge. Tunda a Jidda kake, iskar Bahar Maliya tana ɗauke da gishiri: a cikin lambobin sitil, lamba 201 tana yin ɗigon tsatsa da wuri in a waje take, 304 ta fi ta, kusa da teku kuma 316. In kuma tiyub mai kusurwa huɗu ne, yanka da haɗawar da ka saba ba abin kunya ba ne, yawancin ƙofofin garin nan haka aka yi su.

Za ka ji wasu sun ce ka cika bututu da yashi ka toshe ka gasa da wuta. Hanya ce ta gaskiya, da ita na koya a Kano tun ban san akwai ƙalib ba, kuma tana fitar da kwana ɗaya ko biyu. Ba ta fitar da kwana ashirin da huɗu iri ɗaya, wanda shi kujeru shida ke so. Tana kuma da haɗari biyu da nake roƙonka kada ka raina. Yashi in da danshi, ruwan yana zama tururi a cikin rufaffen bututu. Na ga toshiyar katako ta fita kamar harsashi ta wuce gefen kunnen yaron da ke riƙe mini, Allah ne Ya tsare. Na biyu, bututu mujalfan, mai rufin tutiya. Tutiya tana tafasa a digiri 907, ta tashi farin hayaƙi, wanda ya shaƙa kuma da dare zazzaɓi da rawar ɗari za su rufe shi. Kada ka gasa shi, kuma ko walda za ka yi masa ka goge rufin ka tsaya a inda iska ke wucewa.

Ranar da injin ya iso

Kada ka fara da kujera. Yanki guntu mai santimita 60, ka ja masa layi a kowace santimita, ka yi alama a daidai bakin ƙalib, ka lanƙwasa digiri 90. Wannan guntun zai nuna maka ainihin inda kwana ke farawa da inda take ƙarewa. Rataye shi kusa da injin, shi ne malaminka a kowane aiki. Tsawon bututun da kwanar digiri 90 ke ci shi ne buɗin kwana sau 1.57. A ƙalib na mili 75, kusan mili 118 ke nan. A na mili 115, kusan 180.

Za ka lura in ka saki hannu bututun yana ɗan komawa baya. Ɗabi'ar ƙarfe ce. Baƙin ƙarfe digiri kaɗan yake komawa, sitil ya fi shi. Ka auna nawa ya koma, ka rubuta a bango, ka riƙa wuce wa da wannan adadin. In ka sake shagon da kake sayen bututu, ka sake gwaji, don ba duka ƙarfe ne taurinsa ɗaya ba.

Leƙa cikin bututun za ka ga layin ɗinki, inda aka yi masa walda a masana'anta. Ka juya shi ya kalli sama ko ƙasa, wato gefen da ba ya miƙewa ba ya matsewa. Kada ya faɗo a bayan kwana. Man shafawa kuma a kan guntun da ke danne bayan bututu kaɗai ake sa shi, inda ake gogayya. In ya taɓa kwarin ƙalib ko maɗauri, bututun zai zame, tattara ta fito. In ka gama ka goge man, don ƙurar garin nan in ta haɗu da giris sandfefa take zama. Ka shafa wa ƙalib mai kaɗan ka naɗe shi a tsumma, in ba haka ba danshin Jidda zai ci shi a mako biyu. Ranar aiki kuma ka goge shi tas kafin bututu ya shiga.

Kuskuren da ya fi ɓata wa sababbi kaya shi ne kwana ta biyu. Ta farko ta yi kyau, ta biyu ta yi kyau, amma bututun ya ɗan murɗa a tsakani, sai ka ajiye firam a ƙasa ka ga ƙafa ɗaya a sama. Ƙaramin ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu, a manne a kan wani maƙali a ƙarshen bututun, yana maganin wannan.

In na hannu ka samu a Haraj, kada ka saya sai ka je da guntun bututunka an lanƙwasa a gabanka. Gani ya kori ji. Duba ramukan da fil ke shiga, in sun zama kamar ƙwai injin ya sha wuya. Ɗora ƙarfen awo a kan hannuwan firam ka ga ko sun karkace. Shafa yatsa a cikin kwarin ƙalib. In mai jak ne, matsa shi ka bar shi minti biyu ka ga ko yana sauka da kansa. Kuma in ka ga tiyo yana yoyo kada ka taɓa wurin da hannu, man da ke ƙarƙashin matsi yana huda fata.

Iyakar abin da zan ce maka ke nan a kan kayan gida da rumfa da shinge, don su ne sana'ata. Kejin ƙarfe na cikin motocin hawan yashi ba na karɓarsa, kuma ba na so ka fara da shi. Wannan ran mutum ne a ciki, yana son bututu mara ɗinki da ƙa'idojin da masu wannan fanni ke bi. Alminiyom ma kada ka gwada a sabon ƙalib ɗinka kai tsaye, lamba 6061 mai taurin T6 tsagewa take yi a matsattsiyar kwana. Sannan duk abin da na faɗa a kan aikin gidanka ne da na 'yan'uwa. Ranar da maƙwabta suka ga kujerun suka fara kawo oda, maganar ta koma ta lasisin baladiyya, wato hukumar gari, da abin da takardunka suka ba ka izinin yi, kuma wannan ka tambaye shi a inda ya dace kafin ka karɓi kuɗin kowa.

Ban ga bututunka ba, ƙanena, shi ya sa na yi ta maimaita awo. Auno mini faɗin bayansa da kaurin bangonsa, ka faɗa mini ko tsakar gidan kankare ne ko tayil, da ƙarfen da kake so na darabzin. In na ga waɗannan zan faɗa maka ko ƙalib na mili 25 kaɗai ya ishe ka a bana, ko sai an nemo na biyu.